Allurar Botox a hammata: gumi ya tsaya, wari ya ragu, aljihu ya ji jiki

Na daɗe ina karɓar allurar Botox a hammata a wani asibitin fata da ke Abuja, kuma tambayar da ƙawaye ke yawan yi mini ita ce ko tana kashe wari. Tana rage shi sosai, amma gumi ne ainihin abin da take tsayarwa. Don yawan gumin hammata ma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2004.

Likitata ta yi mini bayani tun farko: allurar na hana jijiya aika saƙo ga masu fitar da zufa. Shi kuwa wari, ƙwayoyin cuta ne na fata ke cin wani ruwa mai maiƙo da hammata ke fitarwa. In wuri ya bushe ba sa sakewa, amma suna nan. Shi ya sa har yau ban rabu da alif da aske gashi ba.

Yadda ake yi ba wuya. Su shafa aidin, su barbaɗa garin sitaci, duk inda gumi ke tsatsowa sai ya koma baƙi-baƙi. Nan za a bi da siririyar allura, tsira kamar 10 zuwa 15, awo 50 a kowace hammata. Akwai zafi, irin na cizon cinnaka, minti kaɗan an gama. Kafin mako ya zagayo na ga rigar atamfata ba shatin nan da ke sa in riƙa matse hannu a gidan biki.

Abin da ya fi burge ni sai da aka jima na lura da shi. Da fari wata huɗu zuwa biyar gumin ke dawowa, yanzu nakan haura wata bakwai, ko da zafin Afrilu ne. Fatar ba tabo, ba ta yi duhu ba, ƙarfin hannuna na nan. Sai dai a watannin farko bayana yakan ɗan jiƙe fiye da da. Kuma da na sami juna biyu aka dakatar, gumin ya dawo yadda yake tun asali, bai ƙaru ba.

Kuɗin ne ciwon kai. Maganin daga waje yake zuwa, dala ta motsa farashi ya motsa, kuma ba ranar gamawa. Kar wannan ya kai ki shagon gyaran jiki mai araha. Jabu na yawo, ko a Amurka ya kwantar da mutane a asibiti a 2024. Ni sai an buɗe kwalbar a gabana.

Wadda gumi ke jiƙa wa hijabi, zan ce ta je. Wadda wari kawai ke damu, ta fara ganin likitan fata a gwada mata sabulun kashe ƙwayoyin cuta, kafin ta zuba wannan kuɗin.