Mako guda da 'yar yayana ta yi a shirin Yale na ɗaliban Afirka

Yarinyar 'yar yayana ce, tun tana aji uku na firamare take hannuna a Zariya. Ni na sa ta sakandare, ni nake zuwa karɓar sakamakonta, duk abin da ya shafi karatunta a kaina yake sauka. Dogon hutun da ta gama SS1 na kai ta lesin a wata cibiya, irin waɗanda ke manna takarda a jikin bango suna alkawarin maki 300 a JAMB. Kuɗin adashena na kwasa na biya wata biyu. Ranar da na leƙa ba tare da sanarwa ba, na tarar da yara sun cika ɗaki har bakin ƙofa, malami ɗaya yana karanta tsofaffin tambayoyi yana faɗin amsa, su kuma suna rubuta A, C, B a gefen littafi. Kwamfutocin da aka nuna mini ranar biyan kuɗi, rabinsu ba sa tashi. Ta dawo gida da hadda cike da kai, amma da zarar an ɗan juya mata tambaya sai ta tsaya tana kallon mutum. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Shi ya sa lokacin da malaminsu na Turanci ya aiko ta da maganar wani shiri na Jami'ar Yale, tambayata ta farko ita ce: nawa? Ta ce, "Goggo, malam ya ce ko sisi." Ban yarda ba sai da muka zauna muka buɗe shafin da kanmu a wayata.

Sunan shirin Yale Young African Scholars, yaran suna taƙaita shi da YYAS. Jami'ar tana birnin New Haven a jihar Connecticut ta Amurka, tun 1701 aka kafa ta, amma wannan shiri nata na 'yan sakandaren Afirka ne zalla, 'yan shekara 14 zuwa 18, waɗanda ke karatu a nahiyar kuma suke da sauran shekara ɗaya ko biyu su gama. A lissafinmu na nan, 'yan SS1 da SS2 ke nan. A shekarun baya ana tara yaran a ƙasashe irin su Ghana, Habasha, Ruwanda da Zimbabwe, sai annobar korona ta 2020 ta mayar da shi kan intanet a wancan lokacin. Yarinyarmu na intanet ɗin ta nema, kuma wannan ne ya sauƙaƙa mini magana da mahaifinta. Da ya ji an ambaci Amurka sai muryarsa ta sauya a waya. Na ce, "Yaya, ba inda za ta je, a ɗakina za ta zauna, ina ji ina gani." Ya yi shiru, can ya ce, "To, in dai a gabanki ne, Allah ya sa albarka."

Kada a ruɗa shi da ɗan'uwansa Yale Young Global Scholars. Shi wancan mako biyu ake yi a harabar jami'ar, na yaran duniya ne baki ɗaya, kuɗinsa dubban daloli ne sai dai wanda ya nemi tallafi ya samu. Na faɗi haka ne saboda wani mai shagon intanet a unguwarmu ya cakuɗa mini su biyun, sannan ya yanka mini kuɗi wai zai cike fom ya kuma rubuta mata bayanin da ake nema. Na gode masa na tashi. Fom ɗin kyauta ne, kuma rubutun nan da yake so ya yi mata, shi ne ma gishirin abin.

A nan nake so in daɗe, domin ni dai a wajen cike fom na fara ganin amfanin shirin, tun kafin a ɗauke ta. Ana son sakamakon makaranta, ana son a san abin da yaro ke yi bayan aji, sannan ana son ya yi rubutu da Turanci a kan kansa. Rubutunta na farko ta kawo mini da dare, a takardar da ta yago daga tsakiyar littafi. Manyan kalmomi ne jere, tana so ta zama likita ta ceci al'umma, ilimi hasken rayuwa ne, da sauransu. Na karanta har ƙarshe ban ga yarinyata a ciki ba. Kowace yarinya a ajinsu za ta iya sa sunanta a ƙasan takardar. Na ce, "'Yar nan, me ya sa likita?" Ta ce haka kowa ke cewa. Na ce to ki bar kowa, ki faɗa mini ranar da abin ya fara shiga ranki.

Ta daɗe tana murza bakin hijabinta. Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk zaman da muka yi. Wani hutu da ta je ƙauye, kakarta ta dawo daga asibiti da magani kala huɗu a leda, ba mai iya karanta rubutun da ke jiki. Ita ta zauna ta ware su, ta samo zare kala-kala ta ɗaura wa kowace kwalba, ja na safe, baƙi na dare, fari na bayan cin abinci. Kafin hutun ya ƙare, matan maƙwabta sun fara aiko mata da nasu ledojin. Na ce wannan za ki rubuta. Ta ce, "Goggo, wannan ai ba abin faɗa wa Turawa ba ne." Na ce shi ne kaɗai abin da ba wanda zai iya rubutawa sai ke. Sau biyar ta sake shi, malaminsu ya gyara mata nahawu bai taɓa labarin ba, muka tura a cikin sanyin hunturu, kwana uku kafin a rufe. Mu a gidajenmu muna koya wa yarinya kunya da kawaici, kuma ina alfahari da hakan, amma ba mu cika koya mata yadda za ta faɗi abin da ta iya ba tare da ta ji kamar ta yi fariya ba. Wannan takarda ce ta fara koya mata.

Sai da muka kusa mantawa saƙon ya shigo cewa an ɗauke ta.

Shirin ya faɗo tsakiyar damina, kusan mako guda. Na aro kwamfutar hannu wajen wata abokiyar aikina, na sayi data mai yawa, na roƙi maƙwabcinmu mai sola ya riƙa yi mana caji. Rana ta biyu hadari ya haɗo tun la'asar, aka ɗauke wuta, ruwa ya sauko kan kwano kamar ana zuba tsakuwa. Ba ta jin komai. Ta ɗauki kwamfutar ta shige ɗakin ajiya, inda rufinsa ke da silin, ta zauna kan buhun masara, abin sauraro a kunne, ni kuma ina riƙe da wayar kusa da taga don sabis ya kama. Sau uku yana yankewa tana sake shiga. Wanda zai nema daga irin unguwarmu, ya tanadi caji da layin waya biyu tun kafin ranar, kada ya bari sai hadari ya haɗo.

Tsarin karatun ya bambanta da wanda ta saba. Akwai lacca ga kowa da kowa, sannan a raba su ƙananan rukunai, ɗaliban jami'a su jagoranci tattaunawa. Ba mai cewa a kwafi allo. A kawo batu, a ce me kuke gani, yaro daga Malawi ya faɗi nasa, yarinya daga Masar ta ce ba ta yarda ba ta kawo hujja. Kwana biyu na farko tawa ba ta ce uffan ba. Ina zaune ina tsintar shinkafa ina kallonta, sai ta kai hannu za ta buɗe makirfo sai ta janye. Da dare ta ce mini Turancinsu ya fi nata sauri, kuma tana tsoron su yi dariyar lafazinta. Na ce kowa da lafazin garinsu ya zo. A rana ta uku ana maganar kiwon lafiya a karkara, na ji muryarta daga tsakar gida, tana rawa da farko, tana ba su labarin zaren kakarta. Na ajiye faifan na tsaya a bakin ƙofa. Da ta gama, mai jagorantar rukunin ta yi mata tambaya, wani yaro ma ya yi, ta amsa duka. Ranar ko abincin dare da ƙyar ta ci don murna.

Ɓangaren da ni kaina na ƙaru da shi shi ne bayanin neman jami'a, don kusan tare muka saurara. Kafin nan ina ɗaukar karatun waje na 'ya'yan masu hannu da shuni ne ko wanda gwamnati ta tura. Ashe akwai jami'o'i ƙalilan a Amurka, irin su Yale, Harvard, Princeton, MIT da Amherst, da ba sa duba aljihun ɗalibin waje lokacin yanke shawarar ɗaukarsa, kuma in sun ɗauka sukan cike abin da iyalinsa suka gaza biya. Shigarsu da wuya ƙwarai, wannan ba a ɓoye wa yaran ba. Ta fahimci cewa da fom ɗaya, Common App, ake neman jami'o'i da yawa, cewa rubutun da ake yi a ciki ba ya wuce kalma 650, cewa masu neman da wuri sukan miƙa a farkon Nuwamba, sauran kuma a farkon Janairu, kuma ana buƙatar wasiƙar shaida daga malaman da suka san ɗalibi da gaske. Tun daga nan ta daina zama a bayan aji. Ta kuma fara bincike kan jami'o'in nahiyarmu, Ashesi a Ghana da Patrick Awuah ya kafa a 2002, da African Leadership University a Kigali, da tallafin Gidauniyar Mastercard. A shafin EducationUSA, masu ba ɗalibai shawara kan karatu a Amurka da ke da ofis a Abuja da Legas, ta ci gaba da bibiyar sauran bayanai, su ma ba sai ta hannun dillali ba.

Daga shirin ta fito da sanin jarrabawar SAT, wadda wasu jami'o'in Amurka ke nema wajen ɗaukar ɗalibai. Tun 2023 aka mayar da ita kan kwamfuta ga ɗaliban waje: awa 2 da minti 14, tambaya 54 na karatu da rubutu, 44 na lissafi, maki daga 400 zuwa 1600. Kowane ɓangare kashi biyu ne, kuma yadda yaro ya yi a kashin farko shi ke nuna ko na biyu zai zo da tsauri ko da sauƙi. Shafin koyo na Khan Academy na da darussanta kyauta, manhajar Bluebook kuma na da cikakkun jarrabawoyin gwaji. Kuɗin rajistar da dala ake biya, har yanzu ina tarawa. Amma atisayen ya riga ya biya ni ta wata hanyar. JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, kuma a kwamfuta ake yi. Yarinyar da a da hannunta ke rawa in ta riƙe linzamin kwamfuta, yanzu da agogo a gefe take aiki, ta san lokacin da za ta tsallake tambaya ta dawo mata. Abin da ya fi burge ni a Khan Academy shi ne in ta faɗi tambaya sai an nuna mata dalilin faɗuwar, abin da wata biyu na lesin bai yi mata ba ko sau ɗaya.

Ga iyayen da za su tambaye ni, kamar yadda matan unguwa suka yi ta tambaya: shirin ba gurbin karatu ba ne a Yale, ba kuma alkawarin tallafin karatu ba ne. Wanda ya shiga da wannan zato zai fito da ɓacin rai a banza. Mako guda kuma ba ya gyara Turancin da aka yi shekara goma ba a gina ba. Komai da Turanci ake yi, kuma yaron da ba ya iya bin magana mai sauri zai sha wuya. Wannan ya tsaya mini a rai, domin na san yara masu kaifin ƙwaƙwalwa a makarantun gwamnati na ƙauyukanmu da harshe kaɗai zai tare wa hanya. In da mai niyya, ya fara tun JSS3, da karanta littafi a bayyane da sauraron rediyo, ba sai fom ya fito ba.

Yanzu tana SS3, WAEC da JAMB na gabanta, ABU ce zaɓinta na farko a fom, kuma tana shirya takardun Ashesi a gefe. Rukunin WhatsApp ɗin da suka buɗe da yaran shirin yana nan da rai, wata 'yar Kenya ce ke duba mata rubutu ita kuma tana taya ta lissafi. Ranar Asabar da yamma yara huɗu na layinmu sukan zo su zauna kan tabarma a tsakar gida, ta sa su rubuta labarin kansu, ta karɓa ta karanta, ta mayar musu ta ce ba ta gan su a ciki ba, su sake. Biyu daga cikinsu 'yan SS1 ne, da sanyi ya shigo za mu zauna mu cike musu fom.