Kafin a Sayar da Gona: Ƙofofin Shiga Aikin Yaƙi da Ta'addanci a Matakin Duniya

Bayan kakar riɗin bara, ɗan wana da ya gama sakandare a Gumel ya same ni ya ce, "Baffa, so nake in yi aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya a fannin yaƙi da ta'addanci," kuma har ya fara lallashin mahaifinsa a sayar da gonar fadama domin a biya masa kuɗin wani kwas da ya gani a intanet. Burin nasa bai ba ni mamaki ba, domin ya tashi yana jin labarin harin Kano na 20 ga Janairun 2012 da na Babban Masallacin Juma'a a Nuwamban 2014. Sai dai ƙofofin wannan aiki suna da yawa, kuma kowace da abin da take ci na kuɗi da shekaru.

Ƙofar da aka fi sani ita ce ta kaki, wato Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna ko Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil. Ga ɗan talaka tana da daɗi, domin gwamnati ke ɗaukar mafi yawan nauyin horon, a fito da digiri da aiki a hannu bayan kimanin shekara biyar. Amma gurbin kaɗan ne, ƙa'idar shekaru da lafiyar jiki tana da tsauri, kuma mai kaki ba ya zaɓar inda za a tura shi. Yana iya samun kansa a rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi mai hedikwata a Injamena, yana kuma iya ƙare aikinsa bai taɓa ƙetare iyaka ba.

Wanda zuciyarsa ta fi karkata ga rigakafi, wato hana matasa faɗawa hannun masu tsattsauran ra'ayi tun kafin a kai ga bindiga, jami'a ce hanyarsa. Jami'ar Tarayya ta Dutse tana koyar da nazarin laifuka da tsaro, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa kuma tana da darasin zaman lafiya da sasanta rikici, wanda mutum zai iya yi ba tare da ya bar noma ba. Wannan hanya tana da arha, amma digirin shi kaɗai ba ya buɗe ƙofar Cibiyar Yaƙi da Ta'addanci ta Ƙasa da aka ƙaddamar da gininta a Abuja a 2023, balle ofishin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa domin wannan aiki a 2017. Digiri na biyu a ƙasar waje yana ƙara daraja, sai dai ba na ba kowa shawarar ya biya da aljihunsa, tunda akwai tallafi irin na Chevening da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa, wanda sharaɗinsa ya haɗa da shekara biyu ta aiki. Gajerun kwasa-kwasan intanet kuwa, masu kyau da yawa kyauta ne, kuma Majalisar ba ta karɓar ko kwabo daga mai neman aiki, saboda haka duk wanda ya nemi kuɗin fom da sunanta ɗan damfara ne.

Abin da na fi tsayawa a kansa da yaron shi ne jarin da yake da shi bai sani ba. A binciken da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar ta fitar a 2017, kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka yi hira da su, da suka taɓa shiga ƙungiyoyin masu tsattsauran ra'ayi a Afirka, sun ce wani matakin hukuma, kamar kisa ko kama ɗan'uwa ko aboki, shi ne ya ingiza su a ƙarshe. Irin wannan magana ba a faɗa wa baƙo ta bakin tafinta. Ana faɗa wa wanda ya san yadda ake gaida mai unguwa, ya san abin da alaramma ke nufi idan ya yi shiru, ya kuma iya zama a majalisar matasa har a saki jiki da shi. Ɗan ƙauye ya gaji wannan, abin da ya rage masa shi ne ya iya mayar da abin da ya ji rahoto mai tsabta da Turanci, ya kuma koyi Faransanci, tunda Nijar da Chadi da Kamaru da shi suke aikin hukuma, ga shi kuma iyakar Maigatari a bakin ƙofarmu take. Kanuri ko Fulatanci ko Larabcin da aka samo daga Islamiyya ƙari ne babba.

Wurin sarrafa wannan jari shi ne ƙananan ƙungiyoyin gida masu aikin sulhu da koyar da sana'a, waɗanda wasunsu ke samun tallafi daga GCERF, asusun duniya na rigakafin tsattsauran ra'ayi da ke Janeba, sannan aikin sa kai na Majalisar ga wanda ya ɗan goge. Albashin farko ba ya taka kara ya karya, aikin na kwantiragi ne, kuma yana tsayawa ranar da mai ba da kuɗi ya janye, kamar yadda aka gani lokacin da Amurka ta datse tallafinta a 2025. Hatsarin ma na gaske ne, domin an kai hari ginin Majalisar a Abuja ranar 26 ga Agustan 2011, an kuma kashe ma'aikatan agaji a garin Rann na jihar Borno a 2018, don haka wajibi ne a sanar da iyaye gaskiya kafin su sa albarka.

Na ce wa yaron, "Ɗana, ka nemi Dutse tukuna, ka haɗa da aikin sa kai lokacin hutu, maganar Ingila kuma sai ka cika shekara biyun nan." Ya cika fom ɗin JAMB, yana ɗaukar darasin Faransanci wurin wani malami ɗan Damagaram, gonar fadamar kuma an dasa mata albasa a ranin nan.