Katun ɗin Rambo da RoboCop: an wanke jini, an bar bindiga

A 1986 kamfanin Ruby-Spears na Amurka ya fitar da Rambo: The Force of Freedom, kashi 65. Adadin lissafin kasuwa ne: kashi ɗaya kullum daga Litinin zuwa Juma'a ya cika mako 13 cif. Tun 1984 hukumar FCC mai kula da kafofin sadarwa a Amurka ta sassauta dokokin talla a talabijin, masu kayan wasan yara suka samu ƙofa a buɗe, kamfanin Coleco ya riƙa sayar da 'yan tsanar Rambo da makamansu.

Ga inda gizo ke saƙar. Fim ɗin First Blood na 1982, inda aka samo katun ɗin, labarin Rambo ne, tsohon soja da yaƙin Biyetnam ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, har ya ƙare yana kuka a jikin kwamandansa. Katun ya share wannan tas. Ya bar ɗamarar goshi, wuƙa, kwari da baka da manyan bindigogi. Ana ruwan wuta, motoci na tarwatsewa, amma ba ka ganin gawa ko ɗigon jini, Janar Warhawk, shugaban miyagu, ya sha da ƙyar, gobe ya dawo. Abin da ke zama a kan yaro shi ne harbi ba ya ciwo, kuma wannan ya fi jinin da aka cire damuna.

Katun ɗin RoboCop na 1988, aikin Marvel Productions, kashi 12 ne kacal, kuma ya fi na Rambo nama. An musanya harsashi da hasken lesa, amma an riƙe zuciyar labarin: Alex Murphy, ɗan sandan da aka mayar RoboCop, mutum ne ko na'ura? Sai dai mabuɗin shirin yana nuna yadda 'yan ta'adda suka harbe shi, don haka iyaye su fara kallon minti na farko su kaɗai.

Katun ɗin Highlander na 1994 ya fi su dabara, inda akasarin marasa mutuwa ke miƙa iliminsu ga jarumin maimakon sare kan juna kamar yadda suke yi a fim ɗin manya.

Ban ga dalilin ba ɗan ƙasa da shekara 8 ko ɗaya daga cikinsu ba. Babban tarkon ma yana wajen nema: suna ɗaya ne da finafinan manya. Yaro ya rubuta RoboCop a YouTube, yana iya faɗawa kan yankin fim ɗin 1987 inda ake tarwatsa hannun Murphy da bindiga. A zaɓo masa kashin da hannu, a kashe maɓallin da ke kawo bidiyo na gaba da kansa.