Wurin lesin JAMB da na kai 'yata a Mushin

Shagon ɗinkina yana Idi-Araba, kusa da asibitin koyarwa na LUTH. Kullum 'yata tana ganin ɗaliban likitanci suna wucewa da farar riga, har ta kafe ita ma sai likita. Shi ya sa bara na kai ta wani wurin lesin JAMB a Mushin, hawa na biyu, saman kantin taya. Wata huɗu ta yi.

Karatu kam akwai shi, musamman wajen malamin Kimistiri. Amma abin da ya fanshe kuɗina zaman da muka yi da shi ne wata Asabar. Ni a zatona in yaro ya haye 200 cikin 400 shi ke nan, sai ɗinkin farar riga. Ya yi dariya, ya juya bayan rasit ya ce, "Alhaji, bari ka gani." A UNILAG, wato Jami'ar Legas da 'yata ke nema, in ji shi, ana raba makin JAMB gida 8 ya koma kashi 50, jarrabawar jami'ar kanta tana da 30, sakamakon WAEC ko NECO 20, kuma kiredit biyar ɗin a zama ɗaya ake so. Kujerun ma ba jami'a ke yanka wa kanta ba. Hukumar likitoci ta MDCN ce ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan da za ta ɗauka.

Sai ya tambayi jiharmu ta asali. Na ce ai a nan Legas aka yanke wa yarinyar cibiya, Yarbancinta ya fi nawa. Ya girgiza kai. A jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. Kewayen UNILAG kuwa Legas ce da Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti. Takardarmu ta Jigawa ce, don haka wannan 35 ɗin ba rabonmu ba ne. Shekarata nawa a garin nan, ban taɓa jin wannan ba.

Inda masu lesin suka gaza shi ne kwamfuta. Guda goma sha biyu ne, yara sun haura sittin, janareta kuma sai ya ga dama. Jarrabawar da a kwamfuta ake yin ta, 'yata ba ta samu zama gaban allo fiye da sau biyar ba. Ajin yamma kuma ana tashi bayan magariba, wanda ga 'ya mace a Mushin bai kwanta mini ba.

Ta ci 271. Da aka haɗa lissafi ba ta kai ba. Na ce ta canza kwas, ta ce a'a. Bana ma wurin lesin nan na mayar da ita, amma ajin safe, kuma na saya mata tsohuwar laftof a Ikeja.