Kafin ka sayi modem a Adum PZ

Duk wanda ya shiga Adum PZ, kasuwar wayoyi da ke Kumasi, neman modem bai san abin da yake so ba, zai fito ne da abin da mai shago ke neman rabuwa da shi. Don haka aikin daga gida yake farawa. Ari layin MTN da na Telecel wurin maƙwabta, ka sa a wayarka, ka zauna a ainihin ɗakin da za ka ajiye na'urar. Yi gwajin bayan sallar isha'i, lokacin da kowa a unguwa ya kwanta yana kallon bidiyo. A gidajen haya na Aboabo da Asawase, inda ɗakuna ke manne da juna, ga bangon bulo ga rufin kwano, sai ka ga sabis cike a tsakar gida, ka shiga ɗaki ya koma sanda ɗaya. Layin da ya yi aiki a ɗakinka shi zai nuna maka na'urar da za ka saya.

Ƙaramin modem ɗin nan da ake cusawa a jikin laptop ba sai mun ɓata lokaci a kansa ba. Mutum ɗaya yake yi wa aiki, kuma zamaninsa ya wuce.

Gardamar tana tsakanin MiFi, ƙaramar na'ura mai raba Wi-Fi, da rauta mai cin layi. MiFi tana shiga aljihu, tana da batir, in kamfanin wuta na ECG suka ɗauke wuta ba ruwanta. Ɗalibi a jami'ar KNUST, ko mai shago a kasuwar Kejetia da zai tafi gida da ita da yamma, ita ce daidai shi. Sai dai eriyarta ƙarama ce, kuma in aka mayar da ita ta gida, dare da rana a jikin caja, batirin yakan kumbura har ya ɗaga murfin baya. Duba wannan in za ka sayi ta hannu: ɗora ta kan tebur, in ta ƙi zama daram, mayar masa da abarsa.

Rauta, irin TurboNet na MTN ko Huawei da ZTE da ke kasuwa, ta fi jan sabis, ta fi ɗaukar mutane, wasu ma suna da wurin ɗaura eriyar waje a saman kwano. Gidan da ke da mai gida da uwargida da yara masu aikin makaranta, ni rauta zan ce su saya. Rauninta wuta ne, amma yawancinsu volt 12 suke ci, kuma akwai ƙaramin batir da ake sayarwa don su. Sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko.

Sai maganar kulle. Na'urar da kamfani ya sayar yawanci layinsa kaɗai take ci, amma takan zo da garanti. Buɗaɗɗiya kuwa kowane layi ka sa za ta karɓa. Wanda ya ga watan Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke mutane suka riƙa sauya layi suna neman inda sabis ya rage, ya san amfanin buɗaɗɗiya. In mai shago ya ce ya buɗe ta, sa layinka biyu a gabansa ka gani da idonka. Ka kuma duba kwali ko akwai Band 20, wato zangon sabis na 800MHz, domin a kansa MTN da Telecel suka samu lasisin 4G. Wasu na'urorin da 'yan uwa ke aikowa daga Amurka ba su da shi, sai ka ga sabuwa fil tana ta jan ƙafa.

Fayiba, wato intanet da ake jawo wayarsa har cikin gida, ta fi duka kwanciyar hankali in wayar ta iso unguwarku, amma ɗan haya sai ya nemi yardar mai gida, kuma ran tashi ba ya tafiya da ita. Starlink, intanet na tauraron ɗan adam da ya fara aiki a Gana a 2024, yana son sarari buɗe a sama da aljihu mai nauyi. Ya fi dacewa da makaranta ko ofis.

Ranar saye ka tafi da Ghana Card ɗinka don rajistar layi, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar IMEI, wato lambar shaidar na'urar, kuma ka sauya fasawod ɗin da ke manne a bayan na'urar kafin yaran gidan su gama haddace shi.