Kazan ko Volgograd: ina za ka fara sauka a bakin kogin Volga?

Duka biranen biyu suna ƙasar Rasha, a bakin Volga, kogi mafi tsawo a Turai, amma abin da za ka tarar ya bambanta.

Bahaushe ya san Volgograd ko bai taɓa zuwa ba, domin a nan Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2018. Sunan birnin na da Stalingrad, inda aka gwabza ƙazamin yaƙi da sojojin Jamus daga 1942 zuwa 1943. Kusan duk abin kallo na wannan yaƙin ne, musamman mutum-mutumi mai tsayin mita 85 da ke kan tudun Mamayev. A watan Yuni kuwa ƙananan ƙwari daga kogi sukan addabi jama'a.

Ni dai Kazan zan ba wa baƙon fari. Shi ne babban birnin yankin Tatarstan, inda Musulmi 'yan ƙabilar Tatar suke da yawa, don haka neman abincin halal ba ya zama aiki. Cikin Kremlin ɗinsa, wato tsohuwar unguwar fada mai ganuwa, masallacin Kul Sharif, wanda aka buɗe a 2005, yana maƙwabtaka da tsohuwar coci. Ka ƙarasa masallacin Marjani na ƙarni na 18, ka ɗanɗani chak-chak, soyayyen fulawa da zuma. Jirgin ƙasa daga Mosko kwana guda ne, ka shiga da dare ka sauka da safe. Na Volgograd ya fi haka daɗewa sosai.

Ko wanne ka zaɓa, ka je tsakanin Mayu da Satumba. Da hunturu kogin kan daskare a Kazan, jiragen yawon ruwa su tsaya.