Garin tuwo na samo a Bridgeton Mill, har da gada mai rufi

Jama'a duk wanda ke zaune a jihar Indiyana ta Amurka kuma kewar tuwon masara ta dame shi, to ga wuri na samo mana. Bridgeton Mill sunansa, tsohon gidan niƙa ne a ɗan ƙauyen Bridgeton da ke yankin Parke, daga Terre Haute ko awa ɗaya ba a yi a mota. Ni gada ce ta kai ni, amma da ledar gari na dawo gida.

Tun 1823 ake niƙa a wannan bakin ruwan na Big Raccoon Creek, ginin da ke tsaye yanzu kuma na 1870 ne, kuma har yau da dutse suke niƙa masara da alkama. Kana shiga ƙamshin nan na wajen mai inji ke tarbarka, wallahi sai da na tuna aiken da Inna ke min da kwano a kai. Na ɗauki farin gari da ja. Farin ya fi na gida tsaki kaɗan, don haka sai da na tankaɗe shi kafin na yi talge, amma tuwon ya yi danƙo ya kama miyar kuka yadda ake so, ba irin garin kanti ba da za ka yi ta tuƙi yana wargajewa. Masu wurin kuma akwai sakin fuska, na yi ta tambaya a kan duwatsun ba su gaji da ni ba. Suna sai da askirim ma.

To gadar fa, tana nan jikin gidan niƙan, jar katako da rufi kamar dogon ɗaki a kan ruwa, ga ruwan yana zubowa daga madatsa a ƙarƙashinta. A goshinta an rubuta shekarar gini da sunan magini, da gargaɗi cewa a tsallaka da tafiya kar a yi gudu, saboda da can sukuwar dawaki na girgiza katakon. Rufin kuma ba don kwalliya aka yi ba, ruwan sama da ƙanƙara ake kare katakon daga gare su don kar ya ruɓe. J.J. Daniels ne ya gina ta asali a 1868, wani ya banka mata wuta a 2005, mutanen gari suka tashi da gayya da gudummawa suka sake gina ta a 2006 kamar yadda take. Wannan abin ya taɓa min zuciya sosai, ƙauye ɗan mitsitsi amma sun ƙi yarda tarihinsu ya tafi a toka, har na tsaya ina tunanin ganuwar Kano da yadda damina ke cinye ta.

Gadoji masu rufi 31 ne a yankin Parke, ana ba da taswira a ofishin 'yan yawon buɗe ido da ke Rockville. Sai dai bikin gadojin da ake farawa Juma'a ta biyu a Oktoba, kwana 10 ana yi, cunkoso ne ba kama hannun yaro, in kana son ka karanta allunan tarihi a natse ka zo kafin nan, tsakiyar mako. Kuma ka sayi garin da yawa, nawa sati biyu bai yi ba ya ƙare.